Layi Na Biyar Babu Kowa

Masu karatu, na san da yawanku kun ga hotona a labarai, kun ga kalmar "dakatarwa" a ƙasansa, kowa kuma ya riga ya yanke hukuncinsa. Wata ma ta rubuto min ta ce dama duk mai irin wannan gudun ba ruwa kaɗai take sha ba. Ban ji haushinta ba, da ni ce a waje haka zan ce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ba ni aron kunnuwanku in faɗa muku yadda aka yi.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni 'yar tsere ce, mita ɗari takwas nake gudu, wato zagaye biyu na fili. Shekaruna ashirin da huɗu. A gida da wurin atisaye Sauro ake ce min saboda ƙafafuna. Baba ne ya laƙa min tun ina firamare, wai in iska ta taso a riƙe ni kar ta yi gaba da ni. Wanda zan aura kuwa Agogo muke ce masa. Shi ma da can ɗan tsere ne, har jijiyar dunduniyarsa ta tsinke ana saura wata biyu ya tafi gasarsa ta farko a waje. Tun daga nan ya koma tsayuwa a gefen fili da agogon awon gudu a wuya, yana ƙirga min daƙiƙoƙi. Shekara huɗu yana wannan aikin, rana da ruwa. Sau uku ana sa ranar aurenmu ina roƙon a ɗaga saboda gasa, sau uku yana cewa, "Babu komai, Sauro, ina nan." Mama ce dai ba ta iya cewa babu komai. A karo na uku kwana tara ta yi ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da ka.

To, ga mu a babbar gasar duniya, wadda nake mafarki tun ina gudu da takalmin makaranta.

Ranar gudun kusa da na ƙarshe, ina zaune a ɗakin da ake tara mu kafin a fita fili, na saka dogon wandona baƙi da rigar tawaga, na gyara ɗan hijabin gudun da Yayata ta rage min don kar iska ta riƙa cika shi. Lambata na maƙale a ƙirji da fil huɗu, ɗaya yana sukata, amma ban tsaya gyarawa ba. Kafin a karɓe wayoyinmu na duba saƙon ƙarshe. Agogo ne, yana can cikin 'yan kallo, don da kansa ya biyo mu.

"Ki lafe ta uku. Kar ki ja su. Mita ɗari biyun ƙarshe taki ce."

Na tura masa, "To, Malam Agogo." Na haɗa da hoton zuciya guda biyu. Ku riƙe wannan a ranku, hoton zuciya har biyu.

Mu takwas aka jera. Fili ya cika maƙil, hayaniya kamar ruwan sama a kan kwano. Bindiga ta tashi. Na yi yadda aka tsara, na lafe ta uku, wata doguwa mai kitso biyu wadda ta ci gasar bara tana kan gaba. Ƙararrawar zagaye na biyu ta kaɗa, wata daga baya ta taka min dunduniya, ƙusar takalminta ta yage min fata, ban ma sani ba sai da na ga jini a safa daga baya. Da muka shiga kwanar ƙarshe na buɗe waje, na ce wa ƙafafuna yau ce ranarku, in kun ga dama gobe ku karye. Na wuce ta biyu. Na jera da doguwar ina jin numfashinta kamar zugazugi. Saura mita talatin na bar ta.

Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da bakwai da 'yan kai. Ban taɓa yin irinsa ba, kuma duk cikin waɗanda suka haye gudun ƙarshe babu wadda ta kamo shi. Aka ba ni layi na biyar, gudun ƙarshe jibi.

Da na karɓi wayata sai da ta yi zafi a hannuna. Baba ya turo saƙon murya, ba ka jin komai sai ihun maƙwabta a falonmu da muryarsa yana cewa, "Ku matsa daga gaban talabijin, ku matsa in ga 'yata." Yayata ta turo hoton kuka guda goma sha biyu. Mama ta rubuto, "Allah ya sa a gama lafiya ki dawo gida." Agogo kuwa kalma ɗaya ce: "Barka."

Na same shi a ƙofar fita, tsaye jikin wani ginshiƙi, hannu a aljihu. Na zaci zai yi tsalle, don mutumin nan ko a atisaye na rage rabin daƙiƙa sai ya jefa hularsa sama.

"Lafiya kuwa?" na ce.

"Kai ne ke min ciwo. Hayaniyar ta yi yawa."

"Ka ga lokacin?"

"Na gani, Sauro. Na gani."

Ni da wautata, maganin ciwon kai na zaro daga jakata na ba shi.

Washegari da safe ina zaune a bakin gado a otal, ƙafafuna cikin bokitin ƙanƙara, ina cin ayaba, aka ƙwanƙwasa. Shugabar tawagarmu ce, wadda muke kira Uwar Tawaga. Mace ce mai jiki, mai fara'a, kullum da tabarau rataye da igiya a ƙirji, in ta shigo ɗaki sai ta fara da faɗan kayan da muka watsar. Ran nan ta tsallake takalmana a ƙasa ba ta ce uffan ba. Ta ja kujera ta zauna gabana da takarda a hannu.

"'Yata, ajiye ayabar nan."

Bari in tsaya in yi muku bayani a nan, don wannan shi ne abin da labarai ba su faɗa muku ba. Duk ɗan tseren da ya kai matakinmu, akwai masu gwaji da ke zuwa ba sanarwa su ɗebi jininsa da fitsarinsa, don a tabbatar ba ya shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Saboda su same ka, akwai wata manhaja a waya da za ka rubuta inda za ka kasance na awa ɗaya a kowace rana ta Allah. In suka zo wurin da ka rubuta a wannan awar ba su same ka ba, an rubuta maka ɗaya. In ya kai uku cikin wata goma sha biyu, hukuncinka kusan ɗaya da wanda aka kama da ƙwaya, ko da ruwan famfo ne kaɗai a jikinka.

Na farko laifina ne, ban musa ba. Na fita atisaye da wuri na manta ban canza awa ba. Na yi kuka ran nan kamar raina zai fita, sai Agogo ya ce, "Kawo lambar sirrin. Ke ki yi gudu, ni zan riƙe miki wannan." Na ba shi ta manhajar, na ba shi ta akwatin saƙonnina na aiki, har ina yi masa addu'a. Na biyu ya faru bayan wata huɗu: suka je tsohon sansaninmu alhali mun tashi. Ya ce ya canza, sabis ne ya ƙi, ya nuna min fuska kamar zai haɗiye harshensa don baƙin ciki. Ni na riƙa lallashinsa.

Don haka a sanina biyu gare ni, kuma tun daga lokacin ko banɗaki ba na shiga tsakanin ƙarfe shida da bakwai na safe ba tare da na bar ƙofa a buɗe ba.

"Sun ce uku ne," in ji Uwar Tawaga.

"Biyu ne, Uwa."

"Uku. Na ukun sati bakwai da suka wuce. Sun aiko miki takarda ki yi bayani cikin kwana goma sha huɗu, ba ki amsa ba. Sun sake aikowa, shiru. Yau da safe suka dakatar da ke har a zauna a kan maganar."

"Sati bakwai da suka wuce ina sansanin kan dutse. Ke kika kai mu. Ɗakina na kallon naki."

"Na sani."

"To ina suka je?"

Ta ɗora tabarau a hanci, ta duba takardar, ta ɗago ta kalle ni.

"Gidanku."

Ban san lokacin da na miƙe ba, bokitin ya kife, ƙanƙara ta watsu har ƙarƙashin gado. Na ce mata kuskure ne, na'urarsu ce ta rikice, a kira su, a kira kocinmu, a kira duk wanda za a kira. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ta riga ta nemi su turo mata tarihin manhajar, wanda ke nuna duk canjin da aka yi, da lokacinsa, da wayar da aka yi da ita.

"Jibi fa, Uwa? Gobe ma ke nan yanzu."

Ta girgiza kai. "Sun soke katin shigarki fili. Ko lauya ya fi kowa iya magana, ba za a zauna kafin gobe ba."

Ta miƙo hannu. Na ɗauka rungume ni za ta yi, ashe katin da ke rataye a jikin madubi take nufi. Ni na ciro shi da hannuna na ba ta.

Kun san wanda na fara kira? Shi. Na kira shi ina kuka ina cewa, "Agogo, sun kashe ni." Sai ya ce, "Yau suka turo?" Ban kama komai a cikin tambayar ba a lokacin. Zuciya in tana son mutum, ko ya zo da wuƙa a hannu cewa za ta yi lemo zai yanka mata.

Bayan azahar tarihin ya iso. Uwar Tawaga ta buga shi a takarda a ofishin otal, ta kawo min, ta ja layi da jan biro a wurare uku. Na farko: ana gobe masu gwaji za su zo, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma, an cire adireshin sansani an sa na gidanmu, na tsawon kwana goma. Na biyu: an cire lambar wayata da suke kira in ba su ga mutum ba, an sa wata. Ban buƙaci karanta ta har ƙarshe ba, lambar da na haddace tun ina shekara ashirin ce. Na uku: sunan wayar da aka yi aikin da ita. Ni na zaɓo wa Agogo ita, ruwan toka, har da rigarta.

Na juya shafin baya, inda canjin karo na biyu ya kamata ya kasance, wanda ya ce sabis ne ya ƙi. Babu ko alamar an gwada.

Na wanke fuskata. Na saka doguwar rigata mai ruwan ƙasa, na yafa mayafi, na shafa hoda, wallahi har kwalli na sa, don na rantse ba zai ga idona a kumbure ba. Na tura masa, "Ka zo lambun otal ɗinmu." Ya amsa, "Ga ni nan, ki yi haƙuri, za mu san abin yi."

Yana zaune ƙarƙashin wata lema kusa da wurin wanka, ya sa an kawo shayi kofi biyu. Shuɗiyar riga ce a jikinsa, agogon nan na rataye a wuyansa kamar kullum. Da ya gan ni ya miƙe ya ja min kujera. Na zauna, na shimfiɗa takardar a kan tebur, na danne ta da cokali don kar iska ta ɗauka.

Ya kalle ta. Bai ɗauka ba.

"Karanta," na ce.

"Sauro…"

"Karanta min da bakinka. Ka fi ni iya lambobi."

Ya zuba sukari a shayinsa, ya juya, ya juya, har na ji ƙarar cokalin na shiga min ƙwaƙwalwa.

"Ban zaci a nan za ta fito ba," ya ce a hankali. "Na ɗauka kafin ku taso za su turo. Ki zauna a gida, a ce ciwo kika ji, babu wanda zai sani. Ban so a yi miki haka a gaban duniya ba. Wallahi ban so ba."

Jama'a, kun ji abin da ya dame shi. Lokacin ne bai yi masa daidai ba.

"Takardun da suka aiko fa?"

"Na goge."

"Duka biyun?"

Ya gyaɗa kai.

"Me na yi maka?"

Sai ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma muryarsa ba ta rawa, kamar wanda ya daɗe yana bitar maganar a gaban madubi.

"Na ga saƙon mutanen nan na waje, masu son ki koma sansaninsu shekara uku in kika ci lamba. Sun ce da kocinsu za ki yi aiki, da masu awonsu. Ina sunana a ciki? Ba ki ma faɗa min ba."

"Ban amsa musu ba. Ina jira a gama gasa mu zauna ni da kai."

"Da kin amsa. Na san ki. Sau uku kina ɗaga aurenmu, na huɗun ba ɗagawa zai zama ba." Ya taɓa agogon da ke ƙirjinsa. "Shekara huɗu ina tsaye a rana ina danna wannan abin. Abokaina cewa suke na zama ɗan riƙe jaka. Ƙannena biyu sun yi aure sun bar ni. Ni ma fa na taɓa gudu, Sauro. Na san yadda yake. Ba ya ƙarewa, kullum akwai wata gasar. Sai ranar da wata jijiya ta tsinke, ki waiwaya ki ga babu kowa."

"Shi ne ka tsinke min ita da hannunka."

"Shekara ɗaya ce, in ta yi yawa biyu. Ki huta, mu yi aure, ki dawo kina ashirin da shida. Wasu ma a nan suke fara tashe."

"In dawo da wane suna?"

Ya ci gaba da juya cokali a kofi.

"Jiya da nake kwanar ƙarshe," na ce, "me kake roƙa min? In ci, ko in faɗi?"

Ya rufe fuskarsa da tafukansa. Na jira. Wani ma'aikacin otal ya zo zai tambaya ko muna son ƙari, ya ga yanayinmu ya juya.

"Da kin zo ta huɗu," ya ce daga cikin hannuwansa, "da abin ya zo da sauƙi."

Na cire zoben da ke yatsana. Sai da na sha wuya, don yatsun sun ɗan kumbura. Ban jefa masa ba, ban yi irin na fim ba, na ajiye shi a gefen kofinsa kawai na ɗauki takardata. Har na juya ya ce, "Ba ni kaɗai nake ganin ya isa haka ba." Na ɗauka borin kunya ne, ban ko waiwaya ba.

Ranar gudun ƙarshe da hantsi, Uwar Tawaga ta kira ni ɗakinta. Lauyan tawaga ya shirya takardar bayani, ta ajiye ta a kan tebur da biro a kai. Ta faɗa min gaskiya ba ta ɓoye ba: a dokarsu, ba wa wani lambar sirri ba uzuri ba ne, nauyin na kaina. Amma in aka tabbatar da gangan aka yi min, akwai fatan a sassauta, ko ma a wanke ni. Sai dai zai ɗauki watanni. Kuma in na sa sunansa, shi da filin tsere har abada, ko agogon yara ba za a sake bari ya riƙe ba.

"Ki yi tunani," ta ce. "Ba na so gobe ki ce na tura ki."

Na tuna ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata, yadda ya juya fuska jikin bango don kar in ga hawayensa. Na tuna shi da lema a hannu yana bina a gefen fili cikin ruwa. Na tuna duka, ban manta ko ɗaya ba. Sannan na ɗauki biron na sa hannu a shafi uku.

"Akwai saura," in ji ta. Ta cire tabaranta ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. "Rahoton matar da ta je gwajin ya iso. Na so in bari sai mun koma, amma a gaban alƙalai za a karanta shi, gara ki ji daga bakina."

Ta karanta min. Matar ta isa gidanmu ƙarfe shida da minti biyar na safe. Ta ƙwanƙwasa. Wata dattijuwa ta buɗe, ta ce ita ce mahaifiyar 'yar wasan. Matar ta nuna katinta, ta yi bayanin ko ita wace ce, ta ce in 'yar wasan tana kusa a kira ta, in kuma ta yi tafiya a faɗa mata inda take don ta rubuta. Dattijuwar ta ce ba ta san inda take ba, ba ta kuma da lambarta. Matar ta zauna a mota a ƙofar gida har ƙarfe bakwai. Dattijuwar ta aiko mata da ruwan sanyi.

Ruwan sanyin nan ne ya tabbatar min. Mama ko ɓarawo ne ya tsaya a ƙofarta sai ta ba shi ruwa.

A sansanin kan dutse kullum da safe sai mun yi waya da ita. Ran nan ma mun yi. Na duba wayata, kiran yana nan: ƙarfe bakwai da kwata, minti shida. Na tuna har abin da muka tattauna, labulen falo ne da take son canzawa.

Na koma ɗakina. Da la'asar na kunna talabijin na kashe sautin, na zauna a ƙasa na jingina da gado. Ana nuna fili, ana share layuka, 'yan mita ɗari takwas sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga hannu. Na danna lambar Mama. Bugu biyu ta ɗauka. Ina jin hayaniyar mutane a falo, sai ƙarar ƙofar kicin da ta ja ta rufe.

"Mama, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya jikin? Yaron nan ya ce min ƙafa ce ta hana ki."

"Haka ya ce miki ki faɗa?"

Na ji tana gyara murfin tukunya.

"Mama, matar da kika ba ruwan sanyi ta rubuta komai."

Na ji ta ja kujerar roba ta zauna. Na san kujerar, fara ce, ƙafarta ɗaya an ɗaure da waya.

"Ni na haife ki," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni nake wanke bokitin da kike amai a ciki in kin dawo atisaye. Ni na raka ki wurin likita ya ce ƙashin ƙaurinki ya tsage, kika ce kar in faɗa wa babanki, bayan sati uku kika koma gudu a kansa. Wata nawa kika yi ba ki ga al'adarki ba? Kin zaci ban ƙirga ba? Duk ranar da kika gama gudu kika zube a ƙasa, su suna tafi, ni ina kallon ƙirjinki in ga ko zai sake ɗagawa."

"Sai ki faɗa min."

"Sau nawa na faɗa? Wa yake jina a gidan nan? Ke da babanki bakinku ɗaya." Ta ja numfashi. "Ya zo ya durƙusa a nan kicin ɗin, ya ce hutu kawai za su ba ki, na shekara guda, babu abin kunya a ciki. Ya ce in baƙuwa ta zo in ce ban san inda kike ba. Abin da na yi ke nan. Kalma nawa ce?"

"Mama, yanzu haka duniya cewa take ƙwaya nake sha."

"Ƙwaya kuma?" Muryarta ta canza. "Bai ce min haka ba. Wallahi bai ce min haka ba."

Na yarda da ita, kuma yardar ba ta rage min komai ba.

A talabijin kyamara na bin su layi-layi. Ta ɗaya ta yi murmushi. Ta biyu ta sumbaci yatsunta. Ta uku. Ta huɗu, doguwar nan mai kitso biyu, ta daki ƙirjinta. Sai kyamarar ta wuce ta kan jan filin da babu kowa, da lamba biyar a rubuce da farin fenti, ta sauka a kan ta shida.

Ta cikin wayar na ji falonmu ya yi tsit. Sai ƙofar kicin ta buɗe.

"Da wa kike magana?" Muryar Baba ce. "Ita ce? Ba ni."

"Don Allah," in ji Mama cikin raɗa, bakinta a jikin wayar, "don darajar nonon da kika sha, ki ce ƙafa ce."

Aka yi 'yar kokawa da wayar, sai numfashin Baba.

"Sauro? Ina kike? Ga su nan sun jeru, layinki babu kowa. Na tara mutane, har kujeru na aro. Ciwo kika ji?"

Bindiga ta tashi a talabijin ba sauti. Su bakwai suka zabura. Na bi su da ido har suka sha kwanar farko, ƙafafuna na motsi da kansu a kan kafet.

"Sauro, kina jina? In ciwo ne ki faɗa min, ba komai, Allah ya kai mu wata shekarar."

Na share fuskata da bayan hannu.

"Baba, lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni ba. Ka sallami baƙin nan. In sun fita ka rufe ƙofa, ka sa wayar a lasifika, ka ce wa Mama ta zauna kusa da kai."